Shekarar da Burtu Ya Kunyata Baba

Na san abin da gwaggonninku suke gaya muku game da barina aikin filin jirgi. Sun ce na ajiye aiki mai kyau ana tsakar hidimar alhazai, na ɗauki tsoho na tafi yawon daji kamar wanda iska ta taɓa. Rabin maganar gaskiya ce, kuma shi suka fi so domin ya fi daɗin faɗa a gidan biki. Ɗaya rabin ni kaɗai na rage a cikin waɗanda suka san shi, don haka bari in rubuta muku tun hannuna yana iya riƙe alƙalami.

Kakanku, Baba Audu, maharbi ne ɗan maharbi daga wani ƙauye a gefen dajin Birnin Gwari. Ku kun taso kuna jin ana ce masa Hajji Audu mai gadi, amma tun kafin ya riƙe makullin gonar wani, baka ya fara riƙewa. Da ƙafa suka zo ƙasar nan shi da Inna, shekara huɗu suna tafe suna yada zango, kuma a hanyar aka haife ni, a wani gari na Sudan da ban taɓa komawa ba. Inna takan ce ayarinsu bai taɓa yin mako ba nama, don da zarar an sauka sai Baba ya sulale cikin daji ya dawo da gada ko barewa a kafaɗa. Da suka iso Madina sai malamai suka gaya masa garin Manzon Allah harami ne, ba a farauta a cikinsa, ko tsuntsu ba a firgitawa. A ranar ya kwance tsirkiya, ya naɗe baka da kwari a tsumma ya tura ƙarƙashin gado. Ya san haramin yana da iyaka, amma mai gadi ba shi da ranar hutu, ba shi kuma da abin hawa. Haka ya yi shekara ashirin da wani abu yana gadin wata gonar dabino a wajen Ƙiblatain, yana buɗe wa ruwa hanya da safe yana toshewa da yamma, bai taɓa ƙorafi ba.

A tsakiyar shekarun saba'in, lokacin da gari ya fara kumbura, magadan mai gonar suka sayar da ita, aka sare dabinon aka aza harsashin gini. Baba ya dawo gidanmu na Bani Harisa ya zauna. Mun ɗauka hutu ya samu, ashe cuta ce. Mutumin da yake riga kowa tashi ya koma sai ya dawo daga masallaci ya jingina da bango ya zuba wa ƙasa ido har azahar. Tuwo loma uku yake yi ya ture akushi. Ni a lokacin na kusa shekara talatin, ina tuƙa motar kayan fasinjoji a wani kamfani da ya daɗe da rufewa, kuma uwarku tana goyon Hafsa. Ina ganin halin da yake ciki, amma na yi ta ce wa kaina tsufa ne.

Sai ga Alhaji Ɗanlami, wani mutumin ƙauyensu, ya zo ziyara kafin aikin Hajji ya sauka a wurinmu kwana takwas. Mutumin kirki ne, Allah Ya ji ƙansa, amma bakinsa ba ya da linzami. Ya yi ta ba Baba labarin daji yana nan yadda ya bar shi, ƙanen Baba ne Sarkin Baka yanzu, gada har bayan gari take shigowa. Ranar da zai wuce Makka, muna cin abincin rana, Baba ya ce ya yanke shawara. Bayan an sauko daga Arfa zai tarar da Ɗanlami a Jidda su koma tare, kuma ba zai dawo ba.

Inna ta ajiye ludayi ta ce, “Malam, 'ya'ya biyu na binne a Baƙi'a. Ba inda za ni.”

“Ban ce ki bi ni ba. Kina da Usman, zai riƙe ki.”

“Shekara talatin da biyar muna tare, sai yanzu da gashina ya yi fari za ka tuna kana da daji?”

“A nan me nake yi, Hajara? In gaya miki gaskiya, tabarma ma ta fi ni amfani a gidan nan. Ita ana shimfiɗa ta.”

Ba wanda ya ƙara cin loma. Daga ranar gidan ya zama wani iri. Inna ta daina yi masa magana sai ta bakina, ko da kuwa yana zaune kusa da ita. Ƙannena mata suka yi kuka suka gaji. Na kawo masa limamin unguwa ya yi masa nasiha a kan falalar cikawa a Madina, Baba ya saurara da ladabi, ya yi godiya, ya raka shi har ƙofa, sannan ya dawo ya ci gaba da haɗa takardunsa. Saura mako uku a yi Arfa, kuma na san in ya hau jirgin nan ba za mu sake ganinsa ba, Inna kuma ba za ta daɗe bayansa ba.

Wata safiya na fito zan tafi aiki sai na gan shi a tsakar gida a duƙe. Wata tattabara ce ta sauka tana tsintar hatsi, shi kuma yana matsawa gare ta, ba komai a hannunsa. Ya ɗaga ƙafa ɗaya ya riƙe ta a sama har sai da tattabarar ta sunkuya, sannan ya sauke ta a hankali. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar an zare masa shekara ashirin. Saura kamu ɗaya hannunsa ya taɓa ta sai ya tuna inda yake, ya ja da baya yana istigfari, ya koma jikin bangonsa. A nan na gane ba ƙauyensu yake kewa ba, don rabin mutanen da ya sani sun rasu. Abin da ya iya ne yake kewa. Kuma na sha jin direbobin hanyar Haibara suna cewa akwai barewa a cikin baƙaƙen duwatsun can, nesa da iyakar harami. Lokacin hukuma ba ta tsananta a kan farautarta ba tukuna. Daga baya an hana, kuma an yi daidai, don masu motoci da bindigogi sun kusa ƙarar da ita.

Na je wurin shugabanmu na aiki na roƙi hutun mako ɗaya. Ya cire tabarau ya dube ni.

“Ijaza a mausim, ya Usman? Hutu ana tsakar aikin Hajji? Jirage suna sauka kamar fari, kai kana neman ijaza?”

“Mahaifina ne, ya mudir.”

“Yana asibiti?”

“A'a. Farauta zan kai shi.”

Da na yi masa ƙarya na ce asibiti, da ya bar ni. Har yau ban san abin da ya hana ni ba. Ya ce in na tafi kada in dawo, zai ba wani motar a ranar, kuma ba zan ce ya zalunce ni ba, don ni ma da ina kujerarsa haka zan yi. Uwarku da na gaya mata, tana jijjiga Hafsa ta ce in tafi da bargo biyu don tsoho ba ya jure sanyi.

Baba kuwa bai nuna murna ba. Cewa ya yi to, bari ya gwada hannunsa kafin ya je ya ji kunya a gaban ƙanensa. Amma kwana biyu ya yi yana shiri. Ya murza sabuwar tsirkiya da fatar akuya, ya shafa wa baka mai, ya kankare tsohon dafin da ya bushe a kan kibiyoyi. Ya ce tunda ba kwankwani a ƙasar nan balle a haɗa sabon dafi, dole ya matsa kusa sosai, taku goma sha biyar, don kibiya ta shiga inda za ta kashe nan take. Sannan ya fito da wani ƙunshi da ban taɓa gani ba. Kan burtu ne na gaske, da dogon bakinsa da tukkunsa, an ɗora shi a kan lanƙwasasshen itace an rufe da baƙar fata, an saka masa jajayen idanu. Ku da kuka taso a nan ba ku san burtu ba. Wani ƙaton baƙin tsuntsu ne da yake yawo a ƙasa yana tsintar ƙwari a dajin ƙasar Hausa, kuma namun daji sun saba da shi, ba sa gudunsa. Maharbi yakan ɗaura kan a goshinsa, ya rufa da baƙin zane, ya yi rarrafe yana kaɗa kai kamar tsuntsun yana kiwo, har ya shiga tsakiyar garke. Baba ya ce wannan na kakansa ne, kuma bai taɓa ba shi kunya ba.

Na ari a-kori-kura a wurin maƙwabcinmu muka kama hanyar Haibara, muka sauka daga kwalta muka yi zango a bakin wani kwari mai ƙayoyi. Ƙasar can ba ƙasa ba ce, baƙin dutse ne mai kaifi iyakar ganinka, kamar an zubar da gawayin duniya a wuri ɗaya. Washegari da sassafe muka hango su, barewa biyar suna kiwo a gindin ƙaya. Baba ya ɗebi ƙura ya sake don ya ga inda iska take kaɗawa, ya ɗaura burtu, ya yi bismilla, ya duƙa. Ni ina kwance a bayan dutse ina kallo, kuma wallahi da ban san shi ne ba, da na rantse tsuntsu ne. Yadda yake sara ƙasa da baki, ya ɗaga kai, ya karkata, ya sake sara. Amma bai yi ko rabin hanya ba sai babbar cikinsu ta ɗaga kai, ta yi wani huci, suka watse kamar an harba musu bindiga. Baba ya ce iska ce ta juya. Rana ta biyu ya ce inuwata suka gani, ya kore ni can nesa. Rana ta uku ba iska, ba inuwa, ya fi sa'a biyu yana rarrafe a kan duwatsun nan, kuma tun daga nesa suka hango baƙin kan nan suka ranta a na kare. Ya dawo wandonsa ya yage, gwiwoyinsa duka biyu sun saɓule suna jini. Ina wanke masa da ruwan gishiri ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

“Ka gani ko? Ko naman dajin ƙasar nan bai san ni ba.”

Na ɗauko shi don ya fasa tafiya, ga shi na ba shi hujjar da ta fi ta da ƙarfi, kuma na zubar da aikina a kan haka. Na ji haushin kaina, na ji haushinsa, na ji haushin Alhaji Ɗanlami da bakinsa.

Muna zaune haka da la'asar sai ga wani tsohon Baƙauyen Balarabe ya gangaro da raƙuma huɗu, siriri kamar sanda, sunansa Awwad. Ya yi sallama muka ba shi shayi. Ashe kwana uku yana kan tudu yana kallonmu. Ya nuna burtun da ke ajiye a kan bargo ya tambaye ni da Larabci ko mene ne wannan. Larabcin Baba na kasuwa ne da masallaci, na makiyaya ya fi ƙarfinsa, don haka ni na yi ta fassara. Da na gama bayani, Awwad ya yi dariya har ya zubar da shayinsa.

Ya ce, “Ya Hajji, shekara saba'in ina cikin duwatsun nan, ban taɓa ganin tsuntsu irin wannan ba. Ni kaina da na hango ka ranar farko sai da na nemi tsari. To ina ga barewa?”

Na yi jinkirin fassarawa, don na san zuciyar Baba. Ya ce in faɗa masa yadda aka faɗa. Da na faɗa, ya zuba wa burtun ido, ni kuwa ina jiran ya tashi ya ce a tayar da mota. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake yi, irin wadda rabona da jin ta tun ana gonar dabino.

“Wato kwana uku dodo nake yi musu! Kai kuma da ka yi makaranta, ba ka iya gaya mini ba burtu a Hijaz?”

“Baba, ni ina na taɓa ganin burtu, balle in san inda babu shi?”

Ya share hawaye ya ce in tambayi tsohon, to su me barewar nan ta saba gani? Awwad ya nuna wata farar taguwa a cikin raƙumansa. Ya ce a zamanin ubansa, kafin motoci, da taguwa ake sanɗa. Mutum ya duƙa a gefenta ta ɓangaren da naman ba ya gani, ya daidaita ƙafafunsa da nata na gaba, ya bar ta tana kiwo, yana karkata ta da ɗan tsinke a hankali, ba kai tsaye ba, da kewaye. Ya ce wannan taguwar ta iya, amma ba wanda ya nemi hakan a wurinta tun da 'ya'yansa suka tafi aikin soja. Sannan ya ɗauki bakan Baba ya juya shi ya sake juyawa, ya gwada ja ya kasa kai shi rabi, ya ce shi da tsohuwar bindiga ya sani, bai taɓa ganin wanda zai matsa taku goma sha biyar ba, kuma yana so ya gani kafin ya mutu.

Rana ta huɗu gaba ɗaya koyo aka yi. Ku yi tunanin tsofaffi biyu, ba mai jin yaren wani sosai, ɗaya yana duƙe a haƙarƙarin taguwa ɗaya yana bin sa yana daka masa tsawa yana buga masa ƙafa da sanda in ya saɓa taku. Sau biyu taguwar ta taka Baba, sau ɗaya ta juyo ta tofa masa abin da ke bakinta. Baba, wanda a gida ba a maimaita masa magana, sai cewa yake “ɗayyib, ɗayyib”, wato “to, to”, yana sake duƙawa. Kafin yamma sun daina nemana, hannu da ido sun ishe su. A wurin cin abinci Baba ya cinye kwanonsa ya miƙo a ƙara.

Rana ta biyar, ita ce ta ƙarshe don dole in mayar da motar mutane, muka sami barewa guda ita kaɗai a bakin kwarin. Ni da Awwad muka kwanta a kan tudu. Taguwa ta gangara tana figar ƙaya, Baba a manne da ita, ba ka ganin komai sai ƙafafu. Barewar ta ɗaga kai ta dube ta, ta ci gaba da kiwo. Awwad ya damƙe hannuna har ya yi mini ciwo. Suka yi ta kewaya, rana tana ɗagawa, har tsakaninsu bai fi faɗin tsakar gidanmu ba. Na ga Baba ya durƙusa a kan gwiwoyin nan masu ciwo, ya ɗana kibiya ta ƙarƙashin wuyan taguwa, ya ja. Na ji ƙarar tsirkiya. Kibiyar ta wuce ta saman gadon bayanta da kamar yatsa biyu, ta daki dutse ta karye, barewa kuma ta yi tsalle uku ta ɓace.

Da muka sauko, Baba ya nufi dutsen da kibiyar ta daka. Ya tsinci guntayen kibiyar, ya tsaya inda barewar ta tsaya, ya dawo inda ya durƙusa, yana ƙirga taku. Shi da Awwad suka daɗe a tsugune suna zane a ƙasa suna nuna rana da tudu, ban san abin da suka ƙulla ba, kuma ban tambaya ba. Suka yi sallama, Awwad ya sumbace shi a goshi. A hanya tun daga can har muka hango Uhudu bai buɗe baki ba, ni kuma na saddaƙar. Na ce a raina an yi kuskure, tsoho ya ga hannunsa ya mutu, zai tafi.

Aiki kam na rasa shi. Na je na tarar da wani a kan motata, na yi wata takwas ina ɗaukar buhunan siminti a wuraren gini kafin in sami tuƙin motar ziyara, kuma ciwon bayan da kuke ganin ina fama da shi daga can na samo shi. Abokan aikina na da sun kai matsayin da ban kai ba, wannan gaskiya ne, gwaggonninku ba su yi ƙarya ba. Amma duk wannan daga baya ne. Bari in ƙarasa muku ranar da muka dawo.

Mun shiga gida bayan la'asar. Inna tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ta dubi hannuwanmu ba nama, ta dubi wandon Baba, ta ce da ni, “Ka tambayi ubanka ko wannan ne tsarabar.” Baba ya zauna a kan turmi, ya naɗe ƙafar wando ya nuna mata gwiwoyinsa. Ta yi salati ta manta ba ta yi masa magana.

“Malam, me ya cinye maka ƙafa haka?”

“Dutsen ƙasar nan ne, ba shi da mutunci. Hajara, kina da sauran tamfol ɗin nan mai kauri? Ki ɗinka mini abin ɗaurawa a gwiwa, ki cusa auduga a ciki. Da wata doguwar riga mai launin ƙasa, baƙi ba ya yi a can.”

“Na kwana nawa kuma? Ba saura mako biyu ka tafi ba?”

“Ki yi masu ƙwari dai. Mutumin ya ce sai an yi ruwa ciyawa ta fito suke saukowa da yawa, kuma hannuna yana buƙatar wata uku ko huɗu kafin ya dawo. In bana ba a dace ba, akwai baɗi.”

Inna ta tsaya da faifan shinkafa a hannu tana kallonsa.

“Baɗi,” ta ce.

“Baɗi mana. Kai Usman, in ka sami mai zuwa Makka ka aika wa Ɗanlami kada ya jira ni. Ka ce ya gaishe da Sarkin Baka, ya gaya masa akwai abin da na koya wanda shi bai sani ba.”

Inna ta ajiye faifan a ƙasa, ba ta ko kori kajin da suka yo kansa ba, ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Muka ji tana kuka, irin na wanda ya daɗe yana riƙewa. Baba ya yi kamar bai ji ba, yana ta duba gwiwarsa. Can kukan ya lafa, ta leƙo da zaren awo a wuyanta, idanunta jawur, ta ce masa ya miƙe ƙafar sosai, ba za ta ɓata tamfol a kan awon banza ba.